Hannuwan Aro

Duk faɗin filayen Hay, in ka cire ni, babu wanda ya kai Rory Dunstan iya askin tumaki. Ba don yana ɗan yayata nake faɗa ba. Ni na koya masa, kuma ni ba na koyarwa rabi da rabi. Ban taɓa zama a aji ba, amma fari ya gasa ni, wutar daji ta kore ni, baƙin maciji ya sare ni ya mutu ya bar ni, don haka na san hannun aiki in na gan shi. Hannun Rory faffaɗa ne kamar shebur, rana ta ƙone bayansa, tafin kuwa laushi kamar na jariri saboda maiƙon ulu. In ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, karyarsa Biddy sai ta juyo da garke tun daga ƙarshen shinge.

Injin ɗaure ciyawa ne ya cinye masa hannuwan biyu. Igiya ta sarƙe, ya kai hannun dama bai kashe injin ba, ya kama shi. Ya kai hagu don ya ceto dama, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya yi shekaru da ƙugiyoyin ƙarfe a dungu, ba wanda ya ga hawayensa. Ya koyi tuƙi da su, ya koyi buɗe ƙyauren shinge, har yakan ce shi dai ya huta da yanke farce. Matarsa Noeleen ke saka masa maɓalli, ita ke yanka masa nama a faranti.

Sai ga waya daga wani asibiti a birnin Melbourne, wai wani ya rasu, iyalinsa sun yarda a ba da hannuwansa. Aka yi dashen, kowa ya yi murna. Bayan watanni Rory ya dawo gida, ya zauna a baranda ya ajiye su a cinya kamar ajiyar wani.

Farare ne, sirara, da jan gashi a baya, ga sawun zobe a ɗan yatsan hagu. A wuyan hannu kana ganin iyaka ƙarara: nan fatar Rory ta tsaya, nan ta baƙo ta fara. Da na gani na ce masa, "Kai, waɗannan ai na akawu ne, ba su taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba." Ya yi dariya. Biddy ta zo da gudu tana kaɗa wutsiya, ya miƙa mata hannu, ta sunsuna, ta ja da baya ta shige ƙarƙashin mota. Daga nan dariya ta ƙare.

Likita ta gaya masa jijiyoyi a hankali suke tsiro, zai daɗe kafin ya ji zafi ko sanyi. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, in ya bari jikinsa zai ɗauki hannuwan a matsayin abokan gaba ya kashe su. Jikin dai ya yi biyayya, zuciyar ce ta ƙi. Yatsun suka fara motsi, suka riƙe kofin shayi, amma Rory bai daina kiransu hannun mutumin ba. Ba ya ɗaukar burodi da su sai da cokali mai yatsu. Fito kuwa ya gagara, don ya ce ba zai sa yatsun gawa a bakinsa ba. Biddy ta koma bin Noeleen.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Noeleen ɗin. Duk tsawon shekarun ƙugiya burinsa ɗaya ne, ya sake taɓa fuskarta. Yanzu ga hannu, amma in ta matso sai ya ga wani namiji ne zai shafa matarsa yana kallo, mijin wata, mai sawun zobe. Sai ya tura su cikin aljihu. Wata rana ta kamo na hagun ta ɗora a kumatunta, ya fizge kamar ya taɓa garwashi. Ta ce masa ita fa ba ta ga kowa a ɗakin ba sai shi. Ta ɗauki hula ta fita wurin tumaki.

Bai yi shawara da kowa ba ya fara watsa ƙwayoyin a bayan rumfar askin tumaki. Bai ce a ransa yana son hannuwan su mutu ba, kawai ya gaji da ciyar da baƙo. Jajayen ƙuraje suka feso a bakin iyakar nan, na hagu ya fara kumburi. Ya ja hannun riga ya rufe, lokacin sanyi ne, ba wanda ya tambaya.

Wata safiya a tsakiyar haihuwar tumaki, Noeleen ta tafi gari sayen magani. Ni da Rory muka zagaya, muka tarar da wata tsohuwar tunkiya tsaye a kan ɗanta matacce, tana tura shi da hanci. Can kuma gindin shinge ga wani ɗan tunkiya uwarsa ta mutu wurin haihuwa, yana rawar ɗari, kukansa ya fara shaƙewa. Duk wanda ya tashi cikin tumaki ya san abin yi: a feɗe mataccen, a sa wa marayan fatar kamar riga, uwa ta sunsuna ta ji warin ɗanta ta ba shi nono. Na yi wannan fiye da gashin kaina. To amma sanyin ƙashi ya nannaɗe mini yatsu, wuƙa ba ta zama a hannuna.

Na miƙa masa wuƙar. Ya ce a jira Noeleen. Na ce kafin ta dawo hankaki sun ƙwaƙule idon wannan.

"Kawu, ba za su iya ba," in ji shi.

"To tambaye su mana, ka taɓa ba su aiki suka ƙi?"

Ya durƙusa a cikin raɓa. Wuƙar ta suɓuce, ya ɗauka, ta sake suɓucewa. Ya zage ta, ya zagi akawun, ya zage ni. Amma ya tsaga wuya da ƙafafu yadda na koya masa tun yana ɗan ƙarami, ya zare fatar kamar safa. Aikin bai yi kyau ba, da ni ne da na yi shi a rabin lokacin, amma ya yi. Ya ɗauko marayan ya zura masa ƙafafu cikin ramukan. Yana cikin haka sai ya tsaya cik, tafinsa na dama a ƙarƙashin ƙirjin ɗan tunkiyar.

"Da ɗumi," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Kawu, ina jin zuciyarsa."

Tunkiyar ta sunsuna, ta tunkuɗe shi ya faɗi. Ya tashi ya koma. Ta sake sunsunar gindin wutsiya, ta daɗe, sannan ta yi wannan gurnanin da uwa ke yi wa ɗanta, ta tsaya ya kama nono. Wutsiyar marayan ta fara kaɗawa a ƙarƙashin ta mataccen.

Rory ya tambaye ni abin da ya sani sarai, wai yaushe ake cire fatar. Na ce sai nononta ya ratsa jikinsa ya fara warinta. In ka yi gaggawa ta kashe shi da tunkuri, in ka yi haƙuri fatar ta faɗi da kanta ba ta ma kula ba. Ya dubi hannuwan, jina-jina har wuya, jinin ya rufe iyakar. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini ƙurajen. Ni da ban firgita da wutar daji ba, ranar na firgita.

A ranar Noeleen ta kama hanyar Melbourne da shi. Likitoci suka yi iya yinsu. Na dama ya farfaɗo. Na hagu kuwa an makara, ya yi baƙi daga farce, suka ce sai an cire in ana son ransa. Mutane na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Rory ya roƙe su su ƙara masa lokaci, shi da ya watsar da ƙwayoyin da ke raya hannun. Suka ce babu.

Da safen da za a shiga da shi, ya ce wa Noeleen ta matso. Na hagun ba ya ɗaguwa, sai ya tallafo shi da na dama ya ɗora a kumatunta, daidai inda ta taɓa ɗorawa ya fizge. Ta tambaye shi ko yana ji. Ya ce a'a, wannan bai taɓa jin komai ba, bai ba shi dama ba. Ta riƙe shi a wurin har aka zo aka tura gadon.

Yanzu yana nan, dama hannu, hagu ƙugiya. Ƙwayoyinsa da kansa yake sha, Noeleen ba ta ma tuna masa. Ya koyi fito da yatsun hannu ɗaya, bai kai na da ƙara ba, balle nawa, amma Biddy tana juyowa. Wani lokaci yana zaune a baranda sai ka ga ya kai babban yatsa yana shafa ƙarfen, daidai inda sawun zoben nan yake a da.