Shatin Yatsu a Hannun Saveta

Muna cikin wankan gawar maƙwabciyata Saveta na ɗaga hannunta, sai ga shatin yatsu huɗu, jini ya kwanta baƙi ƙirin. Na dubi matan da ke zuba ruwa, suka dube ni. Kafin a buga ƙararrawar coci labari ya gama layinmu.

Mijinta Gherasim cewa ya yi santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ya cafko hannunta, duk da haka kanta ya bugu. Wai ta tashi tana dariya, har ta tuƙa musu tuwon masara, ta kishingiɗa, ba ta farka ba. Ni ban yarda ba. Katanga ce kawai tsakaninmu, ban taɓa jin ihunta ba, amma shirun ma bai kwanta mini ba.

Bayan jana'iza wata likita, Otilia, ta zo daga birni. Wai suna bibiyar dubban tsofaffi masu shan maganin tsinka jini, su ga wa ya amfana, wa ya cutu, kuma Saveta na cikinsu.

"Iya, kin taɓa ganin jini ya kwanta a jikinta?"

"Na gani mana. Maganin naku yatsu gare shi?"

"Mai shan sa ko riƙe shi aka yi da ƙarfi sai ya yi shati. In kai ya bugu kuwa, jini kan tsiyaya a ciki ba a sani ba."

"Gherasim ne ya turo ki ki wanke shi? Mijina Zamfir ma ya fara shan irinsa, ban ga komai ba."

"To ki kula kada ya faɗi, Iya."

Na sallame ta ko kofi ban ba ta ba.

Ranar sadakar arba'in Gherasim ya tsaya a ƙofar coci da tiren koliva, dafaffiyar alkama da zuma. Mutane suka riƙa wuce shi kamar tsohon ginshiƙi. Zamfir ne kaɗai ya miƙa hannu, na damƙe shi.

"Ka taɓa, ka kwana da awaki."

"Haba mace! Tare fa muka yi soja!"

Na ja shi har gida.

Da safe ya naɗe hannun riga zai yi aski, sai idona ya sauka a damtsensa. Yatsu huɗu, baƙi ƙirin, daidai inda na riƙe.

"Me ya same ka?"

"Ke kika same ni," in ji shi, ya ci gaba da goga sabulu.

Na ɗauki cokali na fita in je in ci kolivar Gherasim, kunya kamar ta kashe ni. Ta saman katanga na hango Gherasim zaune ƙarƙashin inabi. Tiren na gabansa a buɗe, yana kallon tsuntsaye suna tsintar alkamar, bai kore su ba.