Tarihin Malam Nicodemus

Wuta ta ɗauke daidai lokacin da Ijeoma mai buga takardu take gyara layin ƙarshe, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ketura ta miƙe daga bencin shagon buga takardun da ke Kasuwar Litinin.

Tarihin mahaifin Ketura ne, Malam Nicodemus, wanda za ta karanta gobe a coci wurin jana'izarsa. Baffanta Jonathan ne ya zauna nan da safe yana faɗa da baki, Ijeoma na bugawa, sannan ya hau motar Biu don shirya kabari.

"Kin adana kuwa?"

"Sau ɗaya, Malama, tun da safe. Bari in ta da janareta."

Da kwamfutar ta dawo, sai ga wani fayil a gefe, wanda ta ajiye da kanta kafin ta mutu. Ketura ta sunkuya tana karantawa. Suna na mahaifinta ne, garin haihuwa ma nasa ne. Amma can ƙasa an ce ya yi shekaru yana fataucin kifi a Baga, ya bar 'ya'ya tara.

"Baba malamin makaranta ne. Mu uku ya haifa."

Ijeoma ta sosa kai. Ashe ba ta taɓa fara tarihin mamaci a sabon shafi ba. Na wanda ya gabata take buɗewa, tana gogewa tana sa sabo. Abin da aka ceto rabi na Malam Nicodemus ne, rabi na wani bawan Allah da aka binne makon jiya.

"Buɗe na mutumin mu gwada."

"A kansa na adana da safe. Ya tafi."

Kifin da 'ya'yan ba su ba da wahala ba, aka goge. Sai suka iso inda aka ce yana saurayi ya gudu daga gida, ya yi damina biyu a Chadi. Ketura ba ta taɓa jin wannan ba, amma ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Wannan na wane ne a cikinsu?"

"Malama, ni yatsuna ne ke ji, ba kaina ba."

Ketura ta kira Baffa, wayar ba ta shiga ba. Ta sake kira, haka dai.

"In goge?"

Ketura ta daɗe tana duban layin.

"Bar shi."

"In ba nasa ba ne fa?"

"Baffa zai zauna a bencin gaba," in ji Ketura. "In na iso wurin, zan dubi fuskarsa."