Shinkafar Benin

Farfesa Sailuba ta ƙarar da ƙuruciyarta tana binciken ƙwayoyin halittar shinkafa, har ta fitar da irin da ke jure ambaliya. Jami'o'i suna koyar da aikinta, amma da ta zo da irin garinsu Bahindi, kusa da iyakar ƙasar Benin, yayanta Albashir ya ce ba ya shuka abin ɗakin gwaji.

Bana ya ja ta fadamarsa yana washe baki.

"Dubi shinkafar Benin! Ruwa ya shanye ta, ta miƙe. Ku me kuke yi a jami'a?"

Ta tsinko zangarniya, ta gane irinta ne. Wani ɗalibinta ɗan Benin ne ya tafi da irin ƙasarsu. Ranta ya sosu.

"Yaya, 'yar gidan nan ce. Iyaka kawai ta tsallaka ta dawo."