Tsifar Hajiya Bebi a Bakin Teku

Hajiya Bebi ta gama takaba tun lokacin da itatuwan unguwarsu a East Greensboro, a Amurka, suka fara fure, amma wanda duk ya shiga gidan zai ɗauka jiya aka yi rasuwar. Labule a sake, kaskon turare a kife, ita kuma tana zaune bisa darduma da zanenta na takaba mai ruwan toka. Mijinta Malam Ubale ya yi shekaru yana tuƙa bas ɗin gari daga tashar Downtown, har ciwon zuciya ya ɗauke shi cikin sanyin hunturu, aka binne shi a nan.

Abin da ke damun Hajiya yana ƙarƙashin ɗankwalinta. Ran da ta shiga takaba, wata dattijuwa da ta zo ganin jikoki daga Zariya ta yi mata kitson takaba, manya-manya, babu ado. A al'adar garinsu Gumel, wannan kitso ba mai shi ke tsefe shi ba. Ran fita, mata ke taruwa su tsefe, su wanke kan, su ɗaura wa mace sabon zane, sannan a ce ta dawo cikin mutane. To dattijuwar ta koma gida tuni, kitso kuwa yana nan, ya cukurkuɗe, ya zama kamar igiyar guga.

Ba wai matan gari sun yi watsi da ita ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan cikar kwanakin sun zo da kuloli, waina da dambu da kunun gyaɗa, aka yi addu'a. Ramlatou, 'yar Maraɗi mai shagon kitso, har ta matso ta ce tana da randebu, wato alkawarin kitso, da yamma amma sai ta ɗaga, in Hajiya na so a taɓa kan. Hajiya ta ce a'a, ta bari, kada ta wahalar da kanta. Ramlatou ta ce dakor, wato to, duk ran da ta shirya ta buga mata waya. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Allah sarki, ita ma Ramlatou ta san yadda ake yi, zaman Amurka ne ya koya mata cewa a'ar mutum a'a ce.

Sai 'yarta Amal, nas ce a wani asibiti, tana zaune da mijinta da yara a Summerfield. Ita ce 'yar fari, don haka Hajiya ba ta faɗin sunanta, ba ta kallonta ido cikin ido, sai dai ke, ko wannan. Kakarta ce ta raine ta a Gumel sai da ta tasa aka kawo ta, kuma aikin asibiti ya hore ta, ba ta ɗora wa mutum hannu sai ta nemi izini. Kullum in ta tashi aiki takan biyo ta tambaya: a kai ta gidansu ta kwana biyu? A'a. A kira Ramlatou? A'a. A buɗe labule? A bari. Sai ta ajiye cefane ta tafi da idanu jajur.

Ana nan wata rana Hajiya ta ce wa Amal bayan Babbar Salla za ta koma Gumel, tafiyar da ba dawowa. Ta faɗa tana kallon bango. Can cikin ranta ba son tafiyar take ba. Jikokinta suna nan, kabarin Malam yana nan, sa'o'inta na Gumel yawanci sun riga ta gidan gaskiya. Amma ina amfanin zama a garin da za ka mutu da kitson takaba a kai? A can dai ko maƙwabta za su kamo ta.

Bayan 'yan kwanaki Amal ta dawo ta ce ta karɓi hutu, za su je tsibirin Puerto Rico su biyu, wani otal a bakin teku, har da wurin gyaran jiki da ake kira spa. Hajiya ta ce a'a. Amal ta ce wannan karon sai haƙuri, an riga an yanki tikiti, ba a mayarwa. Hajiya ta yi ta mita tana cewa almubazzaranci ne, amma da yarinyar ta juya baya sai ga ta ta jawo akwati. Ta saka buta da darduma da kwalbar yaji, ta ji wani ɗan sanyi a ƙirji wanda ta jima ba ta ji ba.

Otal ɗin kuwa, sai wanda ya gani. Tun daga ƙofa aka ɗaura mata wata roba a wuyan hannu irin ta jarirai a asibiti, aka miƙa mata ruwan kwakwa a cikin ƙoƙonsa. A ɗaki ta tarar an naɗe tawul an yi agwagwa da shi a tsakiyar gado, ta rasa ko a warware ko a bar wa masu shi, sai ta ɗauke ta a hankali ta ajiye bisa tebur. Taga na kallon teku, ruwa shuɗi har iyakar gani, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa. A kan yashi mutane ne kwance jere, sun shafe jiki da mai, suna juyawa gefe zuwa gefe. Hajiya ta ce ita dai a saninta kilishi ake shanyawa haka. Amal ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta kusa yi, sai ta tuna ta gyara fuska.

Abinci ba laifi. Ta ci soyayyen kifi da shinkafa da wake, ta barbaɗa yajinta, ta yaba ayabar da suke dakawa da tafarnuwa. Da hantsi takan zauna a wata rumfar ciyawa mai kama da ta 'yan tireda, cikin hijabi, carbi a hannu, tana kallon igiyar ruwa na zuwa tana komawa. Sai dai iskar wurin mai laima ce da gishiri, ta shige ƙarƙashin ɗankwali ta tayar da ƙaiƙayi. In Amal ta waiwaya wani wuri, sai ta danna kan da tafin hannu ta cije leɓe.

Washegari da safe Amal ta kai ta spa. Ta riga ta shaida musu mace kawai za ta shigo, kuma a rufe ƙofa. Ɗaki ne mai duhu-duhu da ƙamshin lemun tsami, ruwa na tsiyaya daga wani dutse a kusurwa, ga gado mai rami a wajen kai, ga kujera da kwamin wanke gashi, ga kwalaben mai jere a kan tire. Ma'aikaciyar, wata mai sanyin murya da fure a kunne, ta haɗa hannuwa ta yi magana, Amal na fassarawa. Tana tambaya ko za ta iya cire ɗankwalin ta shafa mai a fatar kai. Hajiya ta ce a'a. Matar ta yi murmushi ta ja da baya. To ƙafafu fa, a jiƙa su a ruwan ɗumi? A'a. Kafaɗa, ta saman riga? A bari. Matar ta dubi Amal, Amal ta ba ta haƙuri da Turanci, matar ta fita ta jawo ƙofa a hankali.

Amal ta zauna a bakin gadon, ta haɗa kai da gwiwa. Can ta ɗago ta dubi uwarta.

"Umma, me zan yi miki? Please ki gaya mini. Duk abin da na tambaya, a'a. Na kawo ki nan don ki ji daɗi ki fasa tafiyar nan, shi ma a'a."

Hajiya ta daɗe tana kallon kwalaben man. Maganar ta yi watanni a maƙogwaronta, kuma ba 'yar fari ake gaya wa irinta ba. Amma babu kowa a ɗakin, kuma Gumel ta yi nisa.

"Tambayar ce ta yi yawa," ta ce.

Hajiya ta ci gaba, fuskarta a bango. Ta ba Amal labarin ranar da Inna, kakar da ta raini Amal, ta fita takaba. Yadda mata suka cika tsakar gida, Inna na cewa ku bar ni, ku bar ni, tana riƙe ɗankwali da hannu biyu, su kuma suna ɓamɓare yatsunta suna yi mata tsiya, har suka zaunar da ita a kan turmi. Babu wadda ta tsaya jin ta bakinta.

"Wace mace ce za ta buɗe baki ta ce a zo a cire mata mijinta daga ka? In ta ce e, ai ta gaji da shi ke nan. Ba a tambayar mai takaba. Kamo ta ake yi."

Amal ta share ido da bayan hannu. Ta buɗe baki, "To Umma, yanzu in..." sai ta haɗiye sauran. Ta miƙe ta zagayo bayan kujera, ta kama bakin ɗankwalin.

"Ki bari," in ji Hajiya.

Hannun ya tsaya. Hajiya ta ji shi ya yi sanyi a kan ƙeyarta, ta kuwa san yarinyar nan, yanzu za ta ce sorry ta koma ta zauna. Kuma ba ta da wata kalmar da za ta ba ta sai waccan.

"Ke, na ce ki bari."

"Na ji, Umma," in ji Amal, ta zare ɗankwalin.

Abin da ta gani ya sa ta ja numfashi. Furfura ta cinye kan, kitson ya dunƙule ya haɗe da sabon gashi, fatar ta yi ja inda ake dannawa. Ta tsiyayi man kwakwa a tafin hannu, ta ɗauki wani mataji mai dogon tsinke daga tire, ta fara daga ƙeya. Ba ta iya ba. Yaranta ma shago take kai su. Tana ja, kan Hajiya na biyo ta. Hajiya ta tambaye ta ko haka suke yi wa marasa lafiya a asibitin nasu, Amal ta ce su marasa lafiyar ba su da surutu haka. Hajiya ta ce a fara daga bakin jela a hau sama, ba daga tushe ba, wa ya taɓa tsifa daga tushe. Amal ta ce ashe dai ana so. Hajiya ta ce ita ba ta ce ba.

Da jela ta farko ta warware, Hajiya ta sunkuyar da kai. Kafaɗunta suka soma girgiza. Ba ta yi irin wannan kukan ba ko ran da aka fita da Malam, don a ranar gidan cike yake da baƙi. Amal ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma tsaya ba, ta dai ci gaba da warwara tana tara gashin da ya zube a gefen tire, nata hawayen na ɗiga a kan man. Can ma'aikaciyar ta leƙo, ta ga abin da ake ciki, ta ajiye tawul masu ɗumi a bakin ƙofa ta koma.

Sun kai azahar kafin a gama. Amal ta kwantar da kujerar, ta sakar mata ruwan ɗumi, ta cuɗa kan da sabulu har kumfa ta fita fara. Iska ta taɓa fatar kan Hajiya, ta ji kamar an sauke mata tulu. Sai maganar zane ta taso, don babu sabo a akwati. Amal ta ruga shagon otal ta dawo da wani yadi ja mai manyan furanni da zanen aku a jiki. Hajiya ta ce Allah ya kiyaye, wannan na 'yan mata ne, da girmanta. Amal ta ɗaura mata shi tana cikin faɗa, ta naɗe mai ruwan tokar ta ce za a bayar sadaka. Da la'asar Hajiya ta taka har bakin ruwa, ta bar kumfar teku ta wanke mata ƙafa, tana cewa sanyi gare shi, ba ta kuma matsa ba.

Ran da suka sauka Greensboro ana yayyafi. Amal ta ɗauko mota a filin jirgi, suka kama hanyar gari. Da suka yi nisa Amal ta ce, idonta a kan titi, maganar Gumel ta yanke: Umma za ta je bayan Salla ta ga dangi ta yi wata guda, tikitin kuwa na zuwa da dawowa ne, ita za ta saya.

Hajiya ta ce a'a, ita fa ta riga ta gama magana, kuma tun yaushe 'ya'ya suka fara yanke wa iyaye hukunci. Amal ta ce ta ji. Hajiya ta ƙara da cewa zaman ƙasar nan ya lalata yara, ba kunya ba tsoro. Amal ta ce haka ne. Suka wuce fitilar hanya ɗaya, suka wuce ta biyu. Hajiya ta gyara zaman ɗankwalinta, ta leƙa ta taga.

"Ke, in kin zo shagon Larabawan nan ki tsaya. Babu lalle a gidan."