Saura Yatsa Huɗu

Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo, igiyar shanya na fara yankowa. Na durƙusa gaban keken matata, na auna faɗinsa daga taya zuwa taya, na ƙara kaɗan saboda hannunta, na ƙulle.

"Malam, da igiya za ka shiga birni?" in ji ta.

"Da ita. Ban yarda da bakin dillali ba."

Shekara shida ke nan da mota ta buge ta, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. A tsohon gidanmu ni na faɗaɗa ƙofar banɗaki da hannuna, na kafa mata ƙarfe a bango. Ita ke shiga da kanta, ta fito da kanta, ba ta taɓa kiran kowa ba. Abin da ya rage mata ke nan, kuma shi na tafi nema: gidan da za ta shiga bayi ba sai ta roƙi wani ba.

Kamfani ya ba ni mako biyu kafin in karɓi janaretocin sabon sito. A ɗakin masu gadi nake kwana, da safe in bi wani dillali da ake kira An-Gama, don duk abin da ka ce masa amsarsa ke nan. Na ce ƙasa nake so, ba bene ba. Ya ce an gama, ya kai ni hawa na uku. Na ce mai banɗaki a ciki. Ya ce an gama, ya nuna mini bayin gida takwas a ƙarshen tsakar gida, da matakala biyu.

Gida na biyar ya yi mini. Na faɗa wa matar da ke da shi gaskiya, cewa iyalina a keken guragu take. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, sai dai yanzu ta tuna an riga an kama. Allon haya na rataye a kan ƙofa tana wannan magana.

Da muka fito An-Gama ya ja ni gefe.

"Maigida, kai ma da kanka. Wa ya tambaye ka? Masu gida ba sa son mara lafiya, gani suke gobe sai kuka a gidansu."

"Lafiyarta ƙalau. Ta fi ka."

"To, ka ce firji kake aunawa."

Daga nan na koma mai firji. Kowace ƙofa in miƙa igiya, ana yi mini dariya. Wani ma cewa ya yi firjin nan ko banɗaki yake shiga? Na ce yana shiga.

Rana ta goma sha ɗaya muka samu. Ɗaki da falo a ƙasa, babu kwata a bakin ƙofa, siminti sumul. Ƙofar waje, igiya ta wuce. Ƙofar ɗaki, ta wuce. Akwai wani siririn lungu daga falo, banɗaki na hannun hagu a ƙarshensa. Na auna lungun, na auna ƙofar, duk ta wuce. Mai gidan tsohon ma'aikaci ne, mai tabarau a kan hanci. Ya ɗauko takarda, da ya ga ina jan ido a kan ƙananan rubutu sai ya karanta mini da kansa: ba a taɓa bango, ko ƙusa. Na biya na shekara, na sa hannu.

Ranar da na kawo ta, ta ce kada in tura ta, ita za ta gwada gidanta. Ta shiga falo, ta leƙa ɗaki, ta bi lungu. Da ta zo karya kwana ta shiga banɗaki sai gaban keken ya daki bango. Ta ja baya, ta sake. Ya sake daka. Na cire wurin ɗora ƙafa. Na karkata shi, na ɗaga taya ɗaya. Kusurwar bango ta tare. Na sa hannu na auna abin da ya hana: yatsa huɗu.

"Malam," ta ce, "ka auna faɗi, ka manta keke yana da tsawo."

Dariya ta yi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai na koma goya ta. Da safe kafin in fita, da yamma in na dawo. Ƙarfe bakwai nake fita, shida nake shigowa. Na saya mata fo na ajiye kusa da gado. Ta dube shi ta ce ita ba jaririya ba ce, ta tura shi ƙarƙashin gado da sandar mofa.

Kullum ina cika mata jug da ruwa in ajiye a teburi. A mako na uku wani ƙarfen inji bai iso ba, aka sallame mu da azahar. Na shigo cikin zafin nan na tarar da jug a cike yadda na bar shi, leɓɓanta sun tsage.

"Ke, ba ki sha ruwa ba?"

"Ba na jin ƙishi."

"Tun yaushe ba kya jin ƙishi?"

Ta juya kai wajen taga. Ashe kullum sai ta ji tsayuwar babur ɗina take zubar da rabin ruwan a tukunyar fulawa, don kada in gane. Fulawar ma ta ruɓe.

Na je wajen mai gidan, na cire hula, abin da ban saba ba. Na ce yatsa huɗu kawai zan sassaƙe a kusurwa, in shafe da siminti, in yi fenti, ranar da zan tashi in mayar yadda yake.

"Firji aka ce mini," in ji shi.

"Matata ce, ranka ya daɗe."

"Ku sayi ƙaramin keke mana."

"Keken daidai jikinta yake. Ita zan rage?"

"Ni dai takarda na sani."

Ranar hutu na ɗauko guduma. Duka goma sha biyu, ban ƙara ba. Na share ƙurar, na kafa ƙarfenta a bango da ƙusa huɗu manya. Ta turo keken, ta karya kwana, ta shige, ta rufo ƙofa. Na tsaya a falo da guduma a hannu ina jin ƙarar sakata. Da ta fito ta shanye kofi uku a jere.

Mai gidan ya ji dukan tun daga sashensa. Kafin la'asar takarda ta iso: ƙarshen wata mu tashi, sauran kuɗin haya na gyaran bango ne.

Na kira An-Gama. Ya ce an gama. Na jefar da igiyar, matata kuma ta ce wannan karon da ita za a je, ta gwada kowane lungu da kanta. In na tashi aiki sai in turo ta mu bi unguwa-unguwa, shi yana gaba yana roƙona in ajiye ta a bayan kwana tukuna har a buɗe ƙofa. Ban ajiye ta ba. Gida tara muka je. Duk tara an riga an kama, duk tara allon na rataye. Wani har kuɗi ya miƙo mata, ya ɗauka bara muka zo.

Saura kwana shida. Jiya na dawo na ga ko rabin ruwan jug ba ta sha ba.

"Ga hanya a buɗe," na ce mata. "Me ya hana ki sha?"

Ta ce gara ta fara sabawa tun yanzu.