Tiyon Birkin Motar Lado

A shekarar 1981, lokacin da Gummi da Anka da Bukkuyum duk suke cikin Jihar Sakkwato, wata ƙaramar akori-kura ta shigo ƙasar, aka yi ta yayinta. Ba ta shan mai, kuma tana kutsawa hanyoyin fadama da manyan motoci ba sa iya bi. Biyu daga cikinsu suka zo Gummi a wata guda, an sayo su wurin dillalin kamfanin a Gusau: ɗaya ta Lado mai fataucin shinkafa, ɗaya ta Mamuda mai kai kifi Anka.

Bakaniken da ke duba su shi ne Ignatius, mutumin Kafanchan, wanda ya shekara tara da rumfarsa a bakin tasha. Kafin ƙarshen damina birkin motar Mamuda ya tsinke a gangaren wani rafi, Allah ya kiyaye. Bayan mako uku na Lado ya tsinke a hanyar Adabka, motar ta faɗa gonar dawa, buhunan shinkafa suka fashe, shi kuma ya kare da targaɗe a hannu. Duka motocin biyu Ignatius ne ya taɓa su a ƙarshe. Sai Sarkin Tasha, wani dattijo mai suna Surajo, ya sanar cewa ranar kasuwa direbobi za su zauna, idan sun yarda ganganci ne, Ignatius ya kwashe kayansa ya bar rumfar.

Ana saura kwana biyu, Ignatius ya tafi makarantar firamare wurin hedimasta, Malam Halilu, ya shimfiɗa tiyo biyu baƙaƙe a kan teburinsa.

"Malam, duba nan," in ji shi. "Wannan tiyon shi ke kai mai zuwa birkin tayar gaba ta hagu. Wannan na Mamuda, wannan na Lado. Ina suka huje?"

Malam Halilu ya gyara tabarau, ya jera su kai da kai. Hujin biyu sun zo daidai wuri ɗaya, kamar an auna.

"Ikon Allah. In sakaci ne, yaya sakaci zai san wuri?"

"Abin da ya hana ni sukuni ke nan! Na shiga ƙarƙashin ta Mamuda, na sa an loda mata buhu goma, aka murɗa sitiyari hagu har ƙarshe. Sai na ga tiyon yana goga bakin ƙarfe. In babu kaya ba ya taɓawa. Ya yi tsawo, Malam, da kamar yatsa biyu. Amma wa zai yarda cewa masu ƙera mota sun yi kuskure, ni na yi daidai?"

Buƙatarsa ita ce a buga masa wasiƙa da tafireta zuwa ga kamfanin. Ya miƙa ɗan littafin motar domin a kwafi adireshi. Malam Halilu ya tsaya yana kallon tambarin da ke bangon littafin, wani zobe mai ja a tsakiya. Ya san ya taɓa ganinsa. Ya jawo aljihun tebur, ya tona ƙarƙashin rajistocin yara, ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa ɗauke da wannan tambari.

A wancan zamani mutanen gari ba su da akwatin gidan waya na kansu, sai su ba da na makaranta, hedimasta ya raba wasiƙu. Wannan ta iso tun watan Mayu, wata biyar ke nan, da sunan Abubakar Muhammadu. Malam Halilu ya riga ya tambayi Abubakar goma sha ɗaya, har da na asibiti da ladanin unguwarsu, kowa ya ce ba shi da hulɗa da kamfanin mota. Ya kuma ƙi buɗewa, domin wasiƙar wani amana ce.

"Cikin masu motocin nan wa ke da suna Abubakar?" ya tambaya.

"Mamuda dai Mamuda ne. Lado kuwa..." in ji Ignatius. "Shekara tara ina gyara masa mota, ban taɓa jin wani suna ba."

Malam Halilu ya ce, "Ni ajinmu ɗaya da shi a elemantare, har a rajista Lado aka rubuta. Amma ai ba a yanka rago da Lado."

Suka nufi gidan Lado, ba su same shi ba, ya tafi wurin mai ɗori. Mahaifiyarsa Iyatu ce ta fito soro, suka gaisa.

"Inna, tambaya gare ni," in ji Malam Halilu. "Mene ne sunan Lado na yanka?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai Halilu, boko ya ci kunyarka? Sunan baban maigidana a gare shi. Shekara arba'in ban faɗe shi ba, sai yau don ka zo da ambulan?"

"To Inna, kada ki faɗa. Ni zan faɗa, in na kuskure ki ce a'a. Abubakar?"

Ba ta ce a'a ba. Ta juya ta shige cikin gida tana cewa yaran yanzu ba su da ta ido, ko da sun yi furfura.

Ranar kasuwa direbobi suka cika inuwar tasha, Sarkin Tasha a kan benci, Lado a gefensa da hannu a rataye. Ignatius ya fara bayanin tiyo, aka katse shi da dariya.

"Ji mutum!" in ji Lado. "Waɗanda sunka ƙera mota tun daga ƙasassu ba su san awo ba, sai kai da ka koyi aiki a ƙarƙashin mangwaro?"

Malam Halilu ya nemi izini, ya matso. "Lado, ranar da ka sayi motar nan, wane suna ka ba akawun Gusau?"

"Mi ya kawo wagga magana? Ya ce sunan yanka shika so, na ba shi. Abubakar."

"Adireshi fa?"

"Akwatin makarantarku mana, kamar kowa."

"To ga wasiƙarka. Wata biyar tana wurina ina neman mai ita, alhali kullum muna gaisawa a masallaci. Laifin jinkirin nawa ne, ban yi tunanin tambayar masu motoci ba."

Lado ya jujjuya ambulan, ya yage bakinta da haƙori saboda hannunsa, ya mayar wa hedimasta ya karanta. Malam Halilu ya bi ta layi layi yana mayarwa da Hausa. Kamfanin yana sanar da masu wannan ƙirar cewa an gano tiyon birkin gaba na hagu ya zarce tsawon da ya kamata, yana iya gogar ƙarfe ya huje idan mota ta ɗauki nauyi. A daina loda mata kaya, a kai ta Gusau a canja shi kyauta. Suna ba da haƙuri.

Sarkin Tasha ne ya fara magana, kuma ba ta Ignatius ya fara ba.

"Tsaya, Malam. Su da kansu sunka rubuto cewa sun yi kure? Ba wanda ya kai su ƙara?"

"Babu."

"Shekara talatin ina tasha, ban taɓa jin mai sayarwa ya bi mai saye da irin wagga magana ba. Karanto wurin haƙurin nan kuma."

Aka sake karantawa. Mamuda ya ce shi ma bari ya je asibitin Bukkuyum ya nemo tasa wasiƙar, domin adireshin ƙaninsa da ke aiki can ya bayar. Tiyo biyun suka riƙa yawo hannu zuwa hannu, kowa yana sa yatsa a hujin. Daga nan Sarkin Tasha ya ce rumfar Ignatius tana nan inda take, wanda ke da sauran magana ya faɗa.

Lado ya juya wajen Ignatius, ya ce, "Inyas, na ci haƙƙinka. Yanzu wa zai kai ta Gusau, ga hannuna haka?"

"Ni zan kai ta, Alhaji Abubakar."

"Kai! Kada Inna ta ji ka."

Washegari Ignatius ya sa wa motar Lado wani tiyon, ya naɗe shi da robar tayar keke inda yake goga, ya tuƙa ta a hankali ta Anka har Gusau. Da ma'aikatan kamfanin suka fito da sabon tiyon, ya roƙe su su dakata kafin su ɗaura. Ya zaro tsohon daga aljihu, ya jera su a kan bonet. Sabon ya gaza tsohon da yatsa biyu da ɗan kaɗan. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya dame shi, domin shi yatsa biyu ya ƙiyasta, har ya nemi a ara masa abin awo.