Aron Ajin Orrin

...kuma kujerar ma ta yi mini kaɗan. Kujerar ɗalibai ce, mai ɗan katakon rubutu a gefe, a layin ƙarshe, kusa da bututun ɗumama ɗaki da yake ta ƙwanƙwasa tun safe. Ni na zaɓi nan. Wai don kada in tsare baƙuwa da ido... Ƙarya nake yi. Don kada in ga fuskarka ne, Orrin. To ga shi ƙeyarka nake kallo, ashe ƙeya ma tana magana.

Ajinka ne. Ɗalibanka ne, 'yan shekarar farko masu koyon rubutu, sun shigo da dusar ƙanƙara a takalma, kowa riƙe da kofin gahawa. Amma ba kai ne a gaban allo ba. Dakta Marisol Quintero ce, wadda jirgi ya sauke jiya daga jihar Arizona mai zafi, take darasin gwaji. Haka al'adarmu take — in jami'a za ta ɗauki malamin dindindin, sai a gayyato mutum uku, kowa a ara masa aji ya koyar, mu 'yan kwamiti mu jeru a baya muna 'yan rubuce-rubuce. Kujerar da take nema ita ce wadda kai ma ka nema. Aikin da za a ba ta shi ne wanda kake yi a matsayin mataimakina tun gashina bai fara fari ba, a kan kwantiragin shekara-shekara. In ta zo, naka ya ƙare a watan Mayu. Mu 'yan layin baya duk mun san haka.

Waya sai motsi take yi a aljihuna. Ban kashe ta ba... me ya sa ban kashe ta ba? Na san ko mene ne. Da safiyar nan mujallar ƙungiyarmu ta fito, ta shugabannin shirye-shiryen koyar da rubutu ta ƙasa baki ɗaya, ga hotona a shafin farko ina washe baki. An zaɓi Farfesa Lorna Vandermolen shugabar kwamitin kare haƙƙin malaman kwantiragi. Barka Lorna. Kin cancanta, Lorna. Ba mu da kamarki. Wata daga Oregon har cewa ta yi kuka ta yi da ta gani. Yau ɗin nan! Duk kwanakin duniya sai yau?

Babban taron bara, zauren otal ya cika maƙil, ina ɗaga yatsa ina cewa malamin kwantiragi ba tabarmar aro ba ne. Suka miƙe tsaye suna tafi. Wa ya riƙe mini ofis mako guda ina can? Wa ya kai ni filin jirgi a tsohuwar motarsa mai warin kare, ya ce in tuna in sayo wa Noreen matarsa ɗan maganaɗisun ado na liƙawa a firji? Kai ne, Orrin. Na manta ban sayo ba. Inuwar giginya, na nesa ka sha — da a kan wasu nake faɗar irin wannan.

Ta iya koyarwa. Wallahi ta iya, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ta kwafsa da na samu abin faɗa a kwamiti. Ga su can suna dariya, har yaron nan mai hular ƙungiyar ƙwallo da ka ce bai taɓa buɗe baki ba ya ɗaga hannu. Kai kuma kana gyaɗa kai. Gyaɗa kai kake yi, Orrin? Wa ya ce ka gyaɗa mata kai?

Ɗakin taron kwamiti, watan jiya, ragowar biredi mai zobe a kwali. Farfesa Lindqvist yana juya takardunka da ɗan yatsa. Orrin Tackett namu ne, in ji shi, ba wanda bai san ƙoƙarinsa ba, amma ba shi da digirin dakta, kuma mun baza talla ƙasa baki ɗaya, kada a ce mun yi 'yar gida. Na ce haka ne, amma... Amma me? Kowa ya juyo yana jiran sauran. Amman nan tana nan a rataye har yau. Na ɗauki kofina na kurɓa, aka wuce suna na gaba.

Sannan ga doka. Ba a gaya wa mai nema an cire sunansa sai wanda aka zaɓa ya sa hannu — sirrin kwamiti, na rattaba hannu a kai. Na yi ta wuce ka a baranda ina yi maka hirar sanyi da gishirin narkar da ƙanƙara da ba a zuba a hanya ba. Doka ce ta ɗaure mini baki... ko kuwa daɗin ɗaurin na ji? Na ji daɗinsa. Kamar bargo na ja shi na lulluɓa.

Sai ranar Litinin, ɗakin injin kwafi. Kana tsaye da tulin takardu, fensir a kunne. Na ce, Orrin, ko za ka ara mana ajinka ranar Alhamis, muna da baƙuwa. Haka kawai, kamar mai aron gishiri. Ka san me ake aron aji a yi da shi. Ka san ba a aron ajin wanda yake cikin ukun. Injin yana ta tofar da takarda, kai kana kallonsa, ni ina kallon fensirin. Ka ce, “Na ƙarfe tara ko na sha ɗaya, shugaba?” Na ce duk wanda ya fi maka sauƙi. Ka ce, “Ba ta na tara. Bakinsu ba ya shiru, za ta ji daɗinsu.” Ta haka ka ji. Daga bakina, ba tare da na faɗa ba, ban karya doka ko ɗaya ba.

Majigi ya mutu. Allon ya koma shuɗi, tana danne-danne, wuyanta ya fara ja. Kada ka tashi... Orrin, don Allah kada ka tashi, bar shi, akwai masu gyara... Ka tashi. Ga ka durƙushe ƙarƙashin tebur da gwiwar nan taka mai ciwo, kana laluben waya, rigarka ta zame ana ganin farar singileti. Hoto ya dawo. Ta ce, “Kai, ka cece ni, Malam...” ta tsaya, ba ta san sunanka ba. Ina za ta sani? Ba ta san ka nema ba. Ba ta da laifi. Takalmanta ma ba na ƙanƙara ba ne, jiya wajen cin abinci ta nuna mini hoton jaririnta. Ni ma haka na zo garin nan, da aron kwat, na koyar a ajin wani. Ajin wa? Ban taɓa tambaya ba... Wani ne dai ya zauna a gefe ranar.

Wayar ta sake motsi. Lindqvist ya sunkuyo yana raɗa mini barka da nasara, ya gani a mujalla. Ƙasa, ba za ki tsage ba?

An gama. Tafi. Ana cusa littattafai a jaka, ni ma na fara miƙewa, ƙofa tana nan kusa, taku kaɗan... Sai Bernadette. Babbar mace ce, mai aikin jinya da dare, ta dawo karatu bayan ta aurar da 'ya'ya, ita ce kake cewa ko shugaban jami'a ba ta bari. Ba ta ma ɗaga hannu ba. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya, ni take kallo.

“Farfesa, ke ce babba a nan ko? To ni ban gane ba. In wannan baiwar Allah ta zo, Malam Tackett fa? Ƙari za a yi ko canji?”

Har bututun ma ya daina ƙwanƙwasa. Dakta Quintero ta dubi Bernadette, ta dube ka, na ga lokacin da ta gane — fuskarta ta faɗi. Lindqvist ya duƙufa neman wani abu a jakarsa. Bakina a buɗe yake. Ni mai jawabi a otal, mai sa zaure ya miƙe tsaye... Doka ta ce... kwamiti bai... a wannan mataki ba za mu iya... Wacce zan ɗauko? Duk na haddace su.

“Haba Bernadette,” kai ne, kana karkaɗe gwiwar wando. “Kin bar rubutunki na jiya ba kai ba gindi, kin zo kina yi wa jami'a bincike? Ku tafa wa baƙuwa, daga nesa ta zo. Ku tafa wa shugaba ma, yau ta samu babban muƙami, sai dai ba za ta gaya muku ba.”

Suna tafawa. Ni suke tafa wa. Bernadette kaɗai ta naɗe hannu. Ka rufa mini asiri a gaban ɗalibanka, a ajinka, a ranar da... kuma ko kallona ba ka yi ba, allo kake gogewa.

Azuzuwan rubutu nawa ne a ƙarƙashina? Sun fi arba'in. Da na tambayi Gretchen, malamarmu ta dindindin, da ta wanke ni tas a baranda, ta kuma bayar da ajinta. Da na tambayi kowa. Da... Ni ma ai ina da aji ranar Alhamis. Ƙarfe sha ɗaya, ɗaki na gaba, bango ɗaya ne tsakani. Nawa ajin. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Duk abin da ya yi mini nauyi shekara da shekaru kai nake miƙa wa, hannun ya saba, shi ya sa wannan ma na miƙa maka, don na san ba za ka ce a'a ba...

Ka gama goge allon. Ka juyo, kana tahowa ta tsakanin kujeru da jakarka a kafaɗa, kuma murmushi kake yi, Orrin, barka za ka yi mini. Na kasa fita daga kujerar nan. Katakon ya tokare ni.